Wa Ya Kamata a Fara Hora a Kulob Ɗin Yara?

A watan Yulin 2013 aka buga wasu wasanni biyu a Bauchi waɗanda har yau in an tuna su sai a sunkuyar da kai. Plateau United Feeders, ƙungiyar da ke renon matasan 'yan wasa domin babbar ƙungiyar Jos, ta ci Akurba 79 da nema. A lokaci guda, a wani filin, Police Machine ta zuba wa Babayaro ƙwallo 67 ba ko ɗaya. Feeders da Police Machine sun yi kunnen doki a maki, wadda ta fi yawan ƙwallaye ita za ta haye rukuni na gaba. Da aka tafi hutun rabin lokaci ci 7 kacal Feeders ke da shi; sauran 72 ɗin duk bayan an dawo aka zura su, ko minti ɗaya ba ya cika tsakanin wannan da wancan. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya ta haramta wa 'yan wasan da jami'ansu harkar ƙwallo har abada, ta kuma dakatar da ƙungiyoyin huɗu na shekara 10.

Jami'an sun cancanci abin da ya same su. Tunanina ya fi tsayawa kan matasan. Da wuya a ce mai tsaron gida da ya ƙame yana kallon ƙwallo na wuce shi sau saba'in shi ya ƙulla cinikin. An umarce shi, ya bi, domin tun ranar da ya fara sa riga aka koya masa cewa maganar koci ba a ja da ita. A ganina nan matsalar ladabtarwa take a yawancin kulob-kulob ɗin yaranmu: muna horar da yaro ya yi biyayya, ba ma horar da shi ya san daidai, kuma in abu ya ɓaci hukunci kan fi sauka a kansa, alhali babba ne ya nuna masa hanya.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin filin makarantar firamare bayan la'asar, a Kano ko Kaduna ko Damagaram, ya san laifuffukan da ake fama da su. Makara, fashin atisaye, zagin rafali, dambe da ɗan'uwa, ɗauke waya daga jakar wani, sai kuma babbansu, shaye-shaye. Ya san hukuncin ma: tsallen kwaɗo, zagaye fili sau goma, mari, ko a ce "cire rigar nan ka bar mana fili." Kocin nan sau da yawa ba ya karɓar ko sisi, da kuɗin aljihunsa yake sayen ƙwallo da ruwan leda, kuma shi kaɗai ne alƙali, shi ne mai ƙara, shi ne mai zartarwa. Ba a raina sadaukarwarsa. Amma ba shi da doka a rubuce, don haka hukunci na bin yanayin ransa ne. Ɗan baya da ya makara zai sha tsallen kwaɗo har cinyarsa ta sage. Mai cin ƙwallaye da ya yi fashin kwana uku, ranar wasan kofi shi ne farkon shiga. Yara suna gani, kuma darasin da suke ɗauka shi ne doka ta marar ƙafa ce.

Dubi maganar shekaru. Yaro ɗan goma sha tara ba ya tashi haka kawai ya wayi gari ɗan sha biyar. Wani ne ya kai shi aka yi takardar rantsuwa, wani ya sa hannu, wani ya ja masa kunne kada ya faɗi shekarar da ya gama firamare. Tun 1989 FIFA ta dakatar da Najeriya shekara 2 daga gasannin matasa saboda saɓanin ranakun haihuwar wasu 'yan wasa. A 2009, shekarar da Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17, har aka buga wasanni a Kano da Kaduna da Bauchi, FIFA ta shigo da gwajin hoton ƙashin wuyan hannu, wanda ke nuna ko ƙashin ya gama haɗewa. A 2016 'yan wasa 26 na Najeriya suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, kuma Nijar ce ta fitar da Najeriya. Yaran aka sallama daga sansani, su suka sha kunya. To yaya kocin da ya rage wa yaro shekara uku da hannunsa zai tsaya gobe ya hukunta shi don ya yi ƙarya kan dalilin makara? In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A Disambar 2012, a garin Almere na ƙasar Holan, wani uba ɗan shekara 41, Richard Nieuwenhuizen, ya riƙe tutar mataimakin rafali a wasan ƙungiyar ɗansa, aikin sa-kai. Bayan an tashi 'yan wasan ɗaya ɓangaren, yara 'yan 15 da 16, suka rufe shi da duka da shuri. Washegari ya rasu. Hukumar ƙwallon ƙasar ta soke dukkan wasannin da ba na ƙwararru ba a ƙarshen makon da ya biyo baya. Cikin waɗanda kotu ta ɗaure har da mahaifin ɗaya daga cikin yaran, wanda ya sa ƙafa a dukan, shi ya sami shekara 6. A wurinmu ba iyaye ne suka fi cika bakin fili ba, yayyen unguwa ne da magoya baya da mai kulob, amma aikin ɗaya ne. Yaron da ya ji manya suna ɗura wa rafali ashar tun daga busa ta farko ba ya buƙatar a ce masa ya kai hannu.

Saboda haka kulob ɗin da ke son ladabi da kansa zai fara. Dokokin su zama kaɗan, a rubuce, a karanta su gaban yara da iyayensu tun farkon kaka, kuma su hau kan koci da mai kulob kamar yadda suka hau kan yaro. Hukunci ya zo nan take, ya zo daidai girman laifi, ya kuma ƙare. Hukumar ƙwallon Ingila ta gwada wannan a ƙananan gasanninta: wanda ya yi wa rafali gardama sai a fitar da shi na minti 10, abokansa su yi ta wahala su goma, sannan ya dawo. A lokacin gwaji gardama ta ragu da kashi 38 cikin 100, aka mai da abin doka a ƙananan gasannin ƙasar tun kakar 2019. Sirrin shi ne yaro na jin ciwon laifinsa a abin da yake so, wato wasa, kuma abokansa ne za su fara tsawata masa. Benci ya fi bulala aiki, in dai gwanin kulob ma zai zauna a kansa ranar wasan ƙarshe.

Duka kuwa, bayan raunin da yake yi, yana da wata illa da ba a cika faɗa ba: yana rufe bakin yaro. A Nuwambar 2016 tsohon ɗan wasa Andy Woodward ya fito ya bayyana yadda kocinsa Barry Bennell ya yi lalata da shi yana yaro a Crewe Alexandra. Ɗaruruwa suka biyo bayansa da irin nasu labarin game da koci daban-daban. A 2018 aka yanke wa Bennell ɗaurin shekara 30, rahoton binciken da ya fito a 2021 kuma ya ɗora wa hukumar ƙwallon Ingila laifin jan ƙafa wajen kare yara. Abin da ya ba irin waɗannan mutane dama shi ne makomar yaro tana hannunsu su kaɗai, yaron kuma ba shi da wanda zai kai wa ƙara. Kowane kulob, komai ƙanƙantarsa, yana buƙatar wani dattijo ko malami ko uwa da ba koci ba, wanda yara suka san za su iya zuwa wurinsa.

Mafi wuya ita ce maganar kora. Akwai laifin da dole a raba yaro da sauran, kamar wanda ya zaro wuƙa ko yake sayar wa 'yan'uwansa ƙwaya. Amma yaron da aka kama da wiwi ko tiramol karo na farko, in aka kore shi, ina zai nufa da ƙarfe huɗu na yamma? Awa biyun nan na atisaye wataƙila su kaɗai ne lokacin da wani babba ke kiran sunansa yana lura da idonsa. Waɗanda suka ba shi ƙwayar suna nan a lungu, su kuwa ba sa korar kowa. Ya fi a dakatar da shi daga wasa, a wajabta masa zuwa atisaye, a tafi gida a zauna da mahaifinsa ko kawunsa, a faɗa masa ranar da zai dawo da sharaɗin dawowar. In abin ya yi nisa, a haɗa iyayen da asibiti ko masu ba da shawara na hukumar NDLEA, kulob kuma ya riƙe masa rigarsa har ya warke.