Yaya Jaridu Ke Gina Ra'ayin Jama'a Kan Ƙasar Da Ake Hamayya Da Ita?

Yawancin mutane ba su taɓa zuwa ƙasar da gwamnatinsu ke takun-saƙa da ita ba, abin da jarida ta kawo shi ne saninsu.

Mene ne tasirin jarida? Shi ne ikon jarida na zaɓar labarin da za ta sa a gaba, da kalmar da za ta yi amfani da ita, da wanda za ta ji ta bakinsa.

Yaya yake aiki? A shekarar 2017 Sri Lanka ta bai wa wani kamfanin China hayar tashar jiragen ruwa ta Hambantota na shekara 99. Jaridun Amurka da Indiya da dama suka kira lamarin "tarkon bashi", wato a danƙara wa ƙasa rance don a mallake ta. Jaridun gwamnatin China kuwa, irin su Global Times, suka ce haɗin gwiwa ne na cin moriyar juna.

Wa abin ya shafa? Masu zaɓe da 'yan majalisa, har da na Najeriya, ƙasar da ta gina layin dogon Abuja zuwa Kaduna da rancen China.

Mai karatu ya dinga jin ɓangarori biyu kafin ya yanke hukunci.