Kaluluwar Da Ba Ta Ciwo

Ni ba likita ba ne, kuma karatuna bai shafi kiwon lafiya ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abokin ɗakina, ɗan wani ƙauye a ƙaramar hukumar Zurmi, wanda muka kusa rasawa saboda ɗan kumburin da bai kai girman goro ba. Ya ba ni izinin ba da labarinsa, da sharaɗin kada in ambaci sunansa.

Muna ND II, lokacin hunturu, wata safiya ya ce mini, "Mutumina, zo ka taɓa nan ka ji." Na taɓa gefen wuyansa na ji wani ɗan ƙullutu mai tauri kamar roba. Na ce yana maka ciwo? Ya ce ko kaɗan. Na ce to ai kaluluwa ce, za ta baje. Wannan magana tawa har yau tana damuna, domin rashin ciwon nan da ya kwantar mana da hankali shi ne ya kamata ya tayar mana da shi.

Wata biyu suka wuce ƙullutun na nan, har ya yi ƙani a kusa da shi. Sai zazzaɓin yamma, sai gumin dare. Muna cikin bargo saboda sanyi, shi kuwa sai ya farka rigarsa sharkaf. Wandunansa suka yi masa yawa. A wani kemis aka ce taifot ce da maleriya, ya sha magani zagaye uku, babu canji. Da aka yi hutu ya je gida, wanzami ya yi masa sakiya, aka haɗa da jiƙe-jiƙe. Kawunsa ya ce idan daji ne kada a kuskura a kai shi asibiti, domin daji ba ya son allura. Sai da wata bakwai suka shuɗe kafin yayansa ya kai shi Gusau, daga can aka tura su Sakkwato. Aka yanki ɗaya daga cikin ƙullutun aka kai ɗakin gwaji. Sakamako ya fito: limfoma ce, nau'in da ake kira Hodgkin.

To mece ce limfoma? A jikin ɗan'adam, ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi da ke ɗauke da wani ruwa mai ƙwayoyin garkuwar jiki. A kan hanyoyin akwai 'yan ƙulle-ƙulle a wuya, da hammata, da matsematsi, da cikin ƙirji da ciki, suna tare ƙwayoyin cuta kamar yadda shingen jami'an tsaro ke tare motoci. Idan ka ji rauni a ƙafa ko haƙori ya dame ka, sai na kusa da wurin su kumbura. Wannan ita ce kaluluwar da muka sani: tana ciwo, kuma tana bajewa cikin mako biyu zuwa uku. Limfoma kuwa kansa ce da ke faruwa idan ƙwayoyin garkuwar da kansu suka lalace suka riƙa hayayyafa babu tsayawa. Ba a ɗaukarta ta hanyar cin abinci tare ko kwana ɗaki ɗaya. Na zauna da shi tsawon ciwonsa, ga ni lafiya lau.

Nau'inta da yawa, amma biyu sun fi shafar mu. Na farko Hodgkin, wadda ta samo suna daga likitan Ingila Thomas Hodgkin da ya bayyana ta a 1832. Tana yawan kama matasa daga shekara 15 zuwa 35, wato dai mu da ke cika ajujuwan makarantar nan. Alamominta su ne waɗanda abokina ya nuna: ƙullutu marar ciwo, zazzaɓin da ba a gane kansa ba, gumin dare, rama, wani lokaci da ƙaiƙayin jiki. Tarin fuka ma yana iya kama kaluluwa ya zo da waɗannan alamomi, shi ya sa ido kaɗai ba ya rarrabewa, sai an gwada naman.

Na biyu Burkitt, wadda ta fi kama ƙannenmu, yara 'yan shekara 4 zuwa 10 ko sama kaɗan. Likita Denis Burkitt ne ya bayyana ta a 1958 bayan ya ga yara masu kumburin muƙamuƙi a Kampala ta ƙasar Yuganda. Bincike ya nuna tana da alaƙa da yawan kamuwa da maleriya tare da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964. Takan fito a muƙamuƙi, ko gefen ido, ko ciki. Haƙora su yi girgiɗi, fuska ta karkace. Tana cikin kansar da ta fi kowace saurin girma, domin ƙwayoyinta na iya ninkuwa cikin kwana ɗaya ko biyu. A gida sai a ce hangum ne, ko ciwon haƙori. Hangum yana tafiya cikin kwana goma. Kumburin da ke ƙaruwa kullum ba hangum ba ne.

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Waɗannan cututtuka biyu suna cikin kansar da ta fi jin magani. Tun a shekarun 1960 Farfesa Victor Anomah Ngu ya riƙa yi wa yara masu Burkitt magani a Ibadan ana samun waraka, har ya shiga cikin waɗanda aka ba lambar yabo ta Lasker a Amurka a 1972. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu kansa suna warkewa, amma a yawancin ƙasashe matalauta ba su kai kashi 30 ba. A 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin kai adadin zuwa kashi 60 nan da 2030, kuma Hodgkin da Burkitt suna cikin cututtuka shida da ta sa a gaba. Cutar ɗaya ce a can da nan. Bambancin shi ne mu muna zuwa a makare, ga tsadar magani, sannan da yawa ba sa kammalawa.

Babban maganin shi ne kemo, wato magunguna masu ƙarfi da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Abokina haɗin magani huɗu aka riƙa ba shi, duk bayan mako biyu, tsawon wata shida. Wasu ana ƙara musu da gashi da na'ura, wanda ake yi a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ba zan ɓoye muku ba, kemo akwai wahala. Ya yi amai, gashinsa ya zube, bakinsa ya yi miki, wata rana ko shayi ba ya iya sha. Garkuwar jiki takan yi rauni, don haka duk zazzaɓin da ya zo a tsakiyar magani, asibiti ake nufa a daren, ba a jiran gari ya waye. Amma gashin ya dawo, ƙarfin ma ya dawo. Ya tambayi likita batun haihuwa, aka yi masa bayani tun kafin a fara, kuma duk matashin da zai fara kemo ya kamata ya yi wannan tambaya ba tare da kunya ba.

Mu mutanen Ƙaura da Shinkafi da Zurmi muna da ƙarin jarrabawa, wato hanya. Kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki. Sau biyu ranar maganinsa ta kusa kuɓuce masa saboda motoci sun ƙi tashi daga garinsu. Daga baya ya bar komawa gida, ya zauna wurin wani ɗan'uwansu a Sakkwato har ya gama. Kuɗi kuwa, an sayar da shanun noma biyu, mu 'yan ajinsu muka yi karo-karo, mutum huɗu a cikinmu suka ba da jini.

A can ya haɗu da wani yaro daga wajen Shinkafi mai kumburin muƙamuƙi. Bayan zagayen farko na magani kumburin ya sace kamar an yi tsafi, har uwar tana kukan murna. Sai uban ya ce tunda ya warke, gara su koma, ga damina ta kama, ga kuɗi sun ƙare. Bayan wata biyu suka dawo da shi, cutar ta shiga ciki. Bai tashi ba. Allah Ya jiƙansa. Abokina ya ce duk ranar da ya ji kamar ya haƙura da kemo, wannan yaron yake tunawa. Bajewar kumburi ba ita ce waraka ba, likita ne kaɗai zai ce an gama.

Saboda haka ga roƙona. Idan ka ji ƙullutu a wuya, ko hammata, ko matsematsi, ya wuce mako uku zuwa huɗu bai baje ba, musamman idan ba ya ciwo, ko yana tare da gumin dare da rama, ka je kilinik ɗin makaranta ko babban asibiti. Idan an ba ka magani bai tafi ba, ka koma ka nemi a tura ka Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko wani asibitin koyarwa. Kada a tsaga shi a gida. Kada ka sha Dexamethasone ko Prednisolone da kanka, domin suna iya rage kumburin na ɗan lokaci su ɓata sakamakon gwaji. Yawancin kaluluwa ba kansa ba ce, gwajin ne zai kwantar maka da hankali.

Idan kun je hutu, ku dubi fuskokin ƙannenku da cikinsu. A gidaje da yawa mu ne ake kira 'yan boko, mu ake tambaya. Idan babba ya ce daji ba ya son allura, a yi masa bayani cikin ladabi, a nemi wanda yake jin maganarsa. Addu'a da neman magani ba sa karo da juna.

Abokina ya jinkirta karatu shekara guda. Yanzu ya dawo, yana zuwa Sakkwato ana duba shi lokaci-lokaci. Kawun nan nasa shi ne ya fara zuwa yi masa barka. Ranar da ya dawo ɗaki na ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini, ni na ce maka za ta baje." Ya yi dariya ya ce, "Ai ba ka sani ba ne. Yanzu da ka sani, je ka faɗa wa saura."

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.