Batman da Robin: Me ya sa jarumin da ba ya son surutu yake yawo da yaro?

Duk wanda ya taɓa buga gem ɗin Batman ko ya kalli fim ɗinsa ya san halinsa. Mutum ne mai ɗaure fuska, ba ya son surutu, kuma dare ne lokacin aikinsa. Sai dai a littattafan zane inda labarinsa ya samo asali, sama da shekara 80 ke nan ana ganin wani yaro a gefensa sanye da ja da kore da rawaya. Wannan yaron shi ne Robin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Robin ba mutum ɗaya ba ne, matsayi ne da yara daban-daban suka riƙe, kuma kowannensu ya canja Batman ta wata fuskar.

Yadda aka ƙirƙiro Robin

Batman ya fara fitowa ne a Amurka a 1939, a mujallar Detective Comics ta 27, daga hannun Bob Kane da Bill Finger. Ba a yi nisa ba marubutan suka ci karo da matsala. Batman mai binciken laifi ne, kuma mai bincike yana buƙatar ya bayyana yadda ya gano abu. To wa zai faɗa wa? In shi kaɗai ne a shafi, sai dai a yi ta rubuta tunaninsa, abin da ke gundurar mai karatu. Finger ya bayyana cewa abin da suke nema shi ne irin Watson, abokin Sherlock Holmes, wanda yake tambaya ana ba shi amsa.

Haka aka fito da Robin a 1940, a Detective Comics ta 38, tare da gudummawar mai zane Jerry Robinson, wanda ya ce daga Robin Hood ya samo sunan. Akwai kuma lissafin kasuwa a ciki. Yara ne suka fi sayen mujallun, kuma yaro ɗan shekara goma ba zai ga kansa a attajiri Bruce Wayne ba, amma zai ga kansa a yaron da ke tsaye kusa da shi. Dabarar ta karɓu, sauran marubuta suka bi sahu: Captain America ya zo da Bucky a 1941, Green Arrow ya zo da Speedy a shekarar, daga baya Flash da Aquaman su ma suka samu nasu yaran.

Maraya ya ɗauki maraya

Robin na farko shi ne Dick Grayson. Shi da iyayensa 'yan wasan tsalle-tsalle ne a kan igiya. Wani shugaban 'yan daba mai suna Zucco ya nemi mai gidan wasan ya riƙa biyansa kuɗi, aka ƙi, sai ya sa aka lalata igiyar. Iyayen Dick suka faɗo suka mutu a gaban idonsa. Bruce Wayne yana cikin 'yan kallo a daren, kuma shi ma a gabansa aka harbe iyayensa yana ƙarami.

Nan ne tushen alaƙar. Bruce ya ga yaron da ke shirin bin hanyar da shi ya bi, hanyar fushi da kaɗaici, sai ya ɗauke shi riƙo, ya horar da shi, suka kama Zucco tare. Bambancin da ya fito daga baya shi ne Dick ya samu abin da Bruce bai samu ba: babban da ya san irin ciwon, ya kuma tsaya masa. Shi ya sa Dick ya tashi da fara'a da barkwanci duk da irin rashin da ya yi. Shi kuma Batman, samun yaro a hannunsa ya tilasta masa taka-tsantsan, domin wanda ake koyi da shi ba ya yin abin da ya ga dama.

Ranar da yaro ya girma

Kowane ubangida yana da ranar da zai yaye yaronsa, kuma a nan ne ake gane halinsa. A 1969 marubuta suka tura Dick jami'a. Shi ne kuma ya jagoranci Teen Titans, ƙungiyar matasan jarumai, har ya kai ga rigar Robin ta yi masa kaɗan. A 1984 Marv Wolfman da George Pérez suka ba shi sabon suna da sabuwar riga: Nightwing.

An ba da labarin rabuwar ta hanya fiye da ɗaya. A na farko Dick ne ya ajiye rigar da kansa cikin mutunci. A wanda aka sake rubutawa a 1987, Batman ne ya sallame shi bayan Joker ya harbe shi a kafaɗa. Tsoro ne ya sa Bruce yin haka, amma bai iya faɗa ba, sai ya zo da shi a matsayin umarni, Dick kuma ya ɗauka an raina shi. Wannan ita ce babbar matsalar Batman da duk yaransa: ya iya koyar da faɗa da bincike, bai iya cewa ya damu da mutum ba. Sai a 2001, Dick ya riga ya zama babba, Bruce ya miƙa masa takardun ɗaukarsa ɗa a hukumance.

Kiran wayar da ya kashe Robin

Robin na biyu, Jason Todd, ya fito a 1983. A labarin da aka fi sani, Batman ya kama shi ne yana kwance tayoyin motarsa. Yaro ne da ya tashi a kan titi, ga zafin kai, ga rashin jin magana, kuma masu karatu da yawa ba su ƙaunace shi ba.

A 1988 kamfanin DC ya yi abin da ba a saba ba. A labarin A Death in the Family, Jason ya tafi neman mahaifiyarsa har ƙasar Habasha, ya faɗa hannun Joker, wanda ya lakaɗa masa duka da sandar ƙarfe ya bar shi a ɗakin ajiya da bam. Maimakon marubuci ya yanke hukunci, sai aka buga lambobin waya biyu a mujallar: ɗaya ta a bar shi da rai, ɗaya ta ya mutu. Kowane kira senti 50 ne. Lokacin babu Facebook, babu manhajar jefa ƙuri'a, wayar tarho ce kawai. An samu kira 10,614. Masu son ya mutu 5,343, masu son ya rayu 5,271. Ƙuri'a 72 ce ta raba.

Editan labarin, Dennis O'Neil, ya ce daga baya ya ji jita-jitar cewa wani mutum ya saita kwamfutarsa ta riƙa kiran lambar mutuwar a kai a kai na tsawon sa'o'i. Ba a tabbatar ba, amma duk wanda ya san yadda ake cika ƙuri'ar intanet da asusun bogi a yau zai gane raunin tsarin: kira aka ƙirga, ba mutane ba. A 2020 an fitar da fim ɗin zane mai wannan suna, inda mai kallo yake zaɓar makomar Jason da rimot.

Mutuwar ta fito da tambayar da aka daɗe ana kaucewa: da wane dalili babba zai kai yaro gaban masu kisa? Batman ya ajiye rigar Jason a cikin gilashi a kogonsa don kada ya manta. A 2005 aka dawo da Jason da sunan Red Hood, kuma abin da ya fi ƙona masa rai ba rashin cetonsa ba ne. Ya dawo ya tarar Joker na nan da ransa, domin Batman ya ƙi karya dokarsa ta rashin kisa ko don ɗaukar fansar yaronsa.

Yaron da ya nemi aikin da kansa

Bayan mutuwar Jason, Batman ya koma aiki shi kaɗai, ya ƙara zafin hannu, yana jefa kansa cikin haɗari ba tunani. A 1989 aka kawo Tim Drake. Tim yana ƙarami ya ga Dick yana wata irin alkafura a gidan wasa, bayan shekaru ya ga Robin ya yi irinta a talabijin, daga nan ya gano ko su wane ne Batman da Robin. Ya je da hujja ɗaya: Batman yana buƙatar Robin, in ba haka ba zai halaka kansa. Tim ba shi ne mafi ƙarfi a cikinsu ba, ƙarfinsa a bincike da kwamfuta yake.

Na baya-bayan nan shi ne Damian Wayne, ɗan cikin Bruce, wanda ya fito a 2006, kuma a hannun makasa ya tashi. A 2009, lokacin da aka ɗauka Bruce ya mutu, Dick ya saka rigar Batman, Damian ya zama Robin ɗinsa. Abin ya juye: Batman mai murmushi, Robin mai ɗaure fuska. Dick ya yi wa Damian irin riƙon da aka yi masa, ya ƙara da haƙurin da shi bai samu ba.

Yadda Marvel ta bi da abin

Stan Lee na kamfanin Marvel bai son tsarin yaron jarumi. Shi ya sa da aka fito da Spider-Man a 1962, matashin shi ne jarumin, ba ya ƙarƙashin kowa. A 1964 aka bayyana cewa Bucky ya mutu tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, Captain America ya daɗe yana ɗauke da nauyin abin a ransa. Sai 2005 Ed Brubaker ya dawo da shi a matsayin Winter Soldier, labarin da aka yi fim a kansa a 2014.

Inda za a fara

Mai son ganin wannan alaƙa ba sai ya bi mujallun shekara 80 ba. Fim ɗin zane Batman: Under the Red Hood na 2010 ya tattaro rikicin Bruce da Jason a zama ɗaya. Gem ɗin Gotham Knights na 2022 kuwa ya fara ne da mutuwar Batman, mai bugawa ya zaɓi Nightwing, Red Hood, Robin ko Batgirl ya ci gaba da tsaron birnin Gotham. A can ne ake ganin abin da kowannensu ya ɗauka daga ubangidansa, da abin da ya ƙi ɗauka.