Fumfunar Gyaɗa da Ciwon Dajin Hanta: Me Masu Bincike Suka Gano?

Duk shekara in kaka ta yi, buhunan gyaɗa da masara kan cika kasuwanninmu na kan iyaka, daga Ɗan Isa da Jibiya har Ƙonni da Illela. Mai saye yakan tsoma hannu ya duba girman ƙwaya, a yi ciniki, a loda mota. Sai dai akwai abin da ido ba ya gani a cikin wasu buhunan, wanda masana ciwon daji suka shafe fiye da shekara 60 suna bin sawunsa.

Labarin ya faro ne a Ingila a 1960, lokacin da talotalo fiye da 100,000 suka mutu bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil. Da aka bincika, sai aka gano wata guba da fumfuna ke fitarwa a jikin gyaɗa da masara idan sun sha laima da zafi. Sunanta afalatoksin. Suya da dahuwa ba sa kawar da ita, don haka takan bi gyaɗa har cikin ƙuliƙuli da kunu.

Yadda take ɓarna kuwa abin mamaki ne. Aikin hanta shi ne tace abin da muka ci. To garin sarrafa wannan guba sai hanta ta mayar da ita wani sinadari mafi muni, wanda ke manne wa ƙwayoyin gado. A 1991 masu bincike suka gano, a jikin majinyata na ƙasar Sin da kudancin Afirka, cewa takan lalata wata ƙwayar gado mai suna p53, wadda ke taka wa ƙwayoyin jiki birki kada su hayayyafa barkatai. In birki ya tsinke, ƙari ya samu hanya. Ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a yankinmu, hatsarin kamuwa da ciwon dajin hanta na iya kaiwa ninki 30 idan yana cin gubar. Wani lokaci ma ba ta jira shekaru: a 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara.

Abin farin ciki, maganin farko ba a asibiti yake ba, a gona da sito yake. Wani bincike da aka buga a 2005 ya bi manoman gyaɗa a ƙauyuka 20 na ƙasar Gini. An koya wa rabinsu su tsince rubabbun ƙwayoyi da hannu, su shanya a kan tabarma maimakon ƙasa har ta bushe sarai, su zuba a buhun algarara, su ɗora a kan katako, su kuma kare ta daga ƙwari. Bayan wata 5, gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta sauran manoman ba. Ban da wannan, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure, yana kuma rage gubar da kashi 80 cikin 100 ko fiye.

Wannan bincike bai ƙare ba, kuma yana buƙatar ƴaƴanmu. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa, wadda aka kafa a 1965, ta fara ba matasan masana tallafin bincike tun 1966, kuma takan nemi masu digirin digirgir daga ƙasashe masu tasowa irin namu. Ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyin karatun ɗansa ko ƴarsa a fannin kimiyya ya san akwai wannan ƙofa bayan jami'a.

Kiranmu ga ƴan kasuwa shi ne, kada a sayi gyaɗa mai ɗanshi don arha, kada a jibge buhu a ƙasa ko jikin bango. Abin da aka tsince mai baƙi ko ɗaci a zubar da shi, a daina karyar da shi ga mata masu ƙuli, domin yaranmu ne za su ci. Kada a ba shanun tatsa, gubar na fita ta madara. A kai jarirai allurar rigakafi, wadda ta haɗa da ta ciwon hanta, manya kuma su je a auna jininsu. Ribar tiya biyu ba ta kai hantar mutum ɗaya ba. Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kare mu da iyalanmu.