Filogin janareta: shafa giris kafin ɗaurawa na iya jawo asarar kan inji

Tun da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, janareta ya ƙara zama abin dogaro a gidaje da shagunan Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela. An ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024, ga kuma tashar hasken rana mai megawat 7 da aka buɗe a Malbaza a 2018, amma idan wutar NIGELEC ta ɗauke, igiyar inji ake ja.

Ɓangaren da aka fi taɓawa a jikinsa shi ne filogi, wanda mutanen yankin ke kira buji. Shi ƙarfe ne, ramin da yake shiga a kan injin kuwa alminiyam ne mai taushi. Zafi da tsatsa kan sa su kame, shi ya sa wasu ke shafa giris mai hana kamewa a haƙoran filogin kafin su murɗa.

Sai dai kamfanin NGK, ɗaya daga cikin manyan masu ƙera filogi, ya hana a shafa wa nasa masu ƙyalli, domin an riga an lulluɓe su da abin da ke hana tsatsa. Giris na sa santsi, hannu ya kasa jin inda ya kamata ya tsaya, a zarce da ɗauri har haƙoran ramin su cinye. Daga nan gyaran ya wuce kuɗin filogi, sai gyaran rami ko sabon kan inji. Baƙin filogi marar lulluɓi ne kaɗai ke buƙatar ɗan ɗigo, shi ma nesa da bakin da ke tartsatsi, don girisin yana ɗauke da garin ƙarfe da kan sa wuta ta ɓace.

Abin da ya fi giris amfani bai buƙatar ko dala. A bari injin ya huce, a hure ƙurar da ta taru a gindin filogin, musamman lokacin hunturu, kada ta faɗa ciki. A fara murɗawa da yatsu har ya zauna, sannan a sa sifana: kusan rabin zagaye ga sabo, tsohon da aka mayar kuma kada ya wuce kwata.