Me ya sa zargi ba ya hana ɗan siyasa cin zaɓe a Kano?

A shekarar 2018 ne jaridar Daily Nigerian ta fitar da wani bidiyo da ta ce yana nuna gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, yana karɓar daloli daga 'yan kwangila.

Gwamnan ya musanta zargin, kuma a 2019 ya sake lashe zaɓe da ratar ƙuri'u ƙasa da 9,000, bayan zaɓen cike gurbi mai cike da taƙaddama.

A unguwannin cikin ganuwa irin su Sheshe, mai zaɓe kan duba gidan siyasar da ya gada, da kuma wanda ya yi masa rana, kafin ya saurari zargi.

Sai dai masu suka na cewa talauci da sayen ƙuri'a ne ke rufe bakin jama'a.

Lissafin baƙi kuwa daban ne. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, Peter Obi ya samu ƙuri'u 28,513 a jihar, kaso mai tsoka daga Fagge, inda Sabon Gari take, matattarar 'yan kasuwa 'yan kudu masu fifita tsaron rai da dukiya.

Da ɗan gari da baƙo dai, kowa na neman wanda zai tsaya masa ne idan rana ta ɓaci.