Kare Da Lissafin Lokaci

A Unguwar Tudu da sauran ƙauyukan ƙasar Gwarzo da Kabo, idan an gama girbi rani ya kankama, sai mafarauta su shiga daji da karnukansu. Malamai sun sani, bisa aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, abin da kare ya kashe ba ya halatta sai ya kasance horarre. Masana fiƙihu suka ce horarre shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Horo kuwa ba ya tabbata sai da tunawa. Ashe shari'a ta riga ta shaida cewa kare yana riƙe abin da ya wuce.

Masu binciken Turai sun jarraba wannan. A 2016, a ƙasar Hangari, Claudia Fugazza da abokan aikinta suka sa mutum ya aikata wani abu a gaban kare, kamar taɓa laima, alhali karen bai san za a neme shi da shi ba. Bayan sa'a guda aka umarce shi ya kwaikwaya, wasu suka iya, sai dai tunawar ta ragu.

Amma ƙidayar sa'o'i wani abu ne dabam. A 2011 a Suwidin aka bar karnuka su kaɗai, rabin sa'a, sa'a 2, da sa'a 4. Murnar tarbar maigida bayan sa'a 2 ta fi ta rabin sa'a, tsakanin 2 da 4 kuwa ba a ga bambanci ba. Wasu na zaton da hanci yake auna lokaci, gwargwadon yadda warin maigida ke gushewa a gida. Kada a raina shi a kan haka: Ashabul Kahfi, da karensu a bakin kogo, sun yi barcin shekara 309, da suka farka suka zaci yini ne ko sashensa.

Saboda haka falken da ya komo daga kasuwa da magariba, ya tarar kare ya ci naman da aka shanya tun hantsi, ya ɗauki sanda, zalunci ya yi. Kare ba ya haɗa dukan magariba da laifin hantsi. Sunkuyar da kan da ake ɗauka nadama ce, fushin maigida ya gani, kuma gobe in ya ji takunsa a zaure sai ya nemi maɓoya.